Sauraron Waƙoƙin Waya Ko MP3 A Tsohon Rediyon Mota: Dole Ne Sai An Canza Rediyon?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da mota ƙirar 2001, rediyonta na asali ne, yana cin kaset, ba shi da ramin AUX balle na USB. Akwai wani maɓalli da aka rubuta CD a kansa, amma in na danna ba ya yin komai. Waƙoƙina da karatuttukana duk suna cikin wata 'yar na'urar MP3 da kuma wayata. Na sayi taransimitar FM irin wadda ake sokawa a ramin kunna sigari, amma sautin ba daɗi. Shuu ɗin ba ya yankewa, in na shiga cikin gari sai wata tasha ta danne, in kuma na taka totur sai wani siririn kuka ya taso. Akwai gyara, ko dole sai na cire rediyon na sa sabo? Ba na son ɓata fuskar motar."

Wa alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka, koke uku ka kawo a kan taransimita, wato shuu, da shigowar tasha, da kukan da ke bin totur, sannan kana neman hanyar da za ka ji abin da ke cikin na'urarka ba tare da an yi wa gaban motar tiyata ba. Amsar ita ce ba dole ba ne ka canza rediyo. Yadda ka siffanta shi, rediyonka yana da ƙofofi biyu da suka fi wadda ka bi kyau nesa ba kusa ba, ɗaya ma tana gabanka kullum kana kallonta.

Na daɗe ina aikin haɗa rediyo da wutar mota, kuma abin da na fi gani shi ne mutum ya fara sayen na'ura kafin ya duba abin da rediyonsa yake da shi. Ya kamata a juya lamarin. Rediyon mota abu biyu ne a cikin akwati ɗaya: akwai ɓangaren da ke samo sauti, wato mai kamo tasha da mai karanta kaset ko faifai, akwai kuma amfilifaya da ke ƙara wa sautin ƙarfi ta tura shi sifikoki. Amfilifayar ba ruwanta da inda sauti ya fito. In aka ba ta mai tsabta, mai tsabta za ta fitar. Saboda haka duk maganar a kan abu ɗaya take: ta wace hanya sautin na'urarka zai isa amfilifaya, kuma sau nawa za a sauya masa kama kafin ya isa. Kowane sauyi yana cin wani abu daga cikinsa.

Ba laifin masu ƙera motarka ba ne da ba su sa ramin AUX ba, wato ramin da ake soka kebul ɗin sauti daga wata na'ura. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, ya kuwa yi shekaru da dama yana mulki a cikin motoci, faifan CD ya biyo baya. A shekarar da aka ƙera motarka, 2001, iPod ya fara fitowa, kuma sai da aka tura cikin shekarun 2000 sosai kafin ramin AUX ya zama ruwan dare a rediyon asali.

Abin da ya sa taransimitar ta ba ka kunya

Taransimitar nan ƙaramar tashar rediyo ce. Tana karɓar sautinka, ta ɗora shi a kan zangon FM, ta watsa a iska, eriyar motarka ta kamo, rediyo ya sake warware shi. Doguwar hanya ce don tafiyar da ba ta kai taku biyu ba. Kuma da gangan aka yi ta da rauni, domin dokokin ƙasashe ba su yarda kowa ya buɗe tasha a motarsa ya dame na maƙwabta ba. A Turai iyakar ƙarfin da aka yarje mata nanowat 50 ne, wato kashi hamsin cikin biliyan ɗaya na wat guda, alhali tashar gaske tana watsa dubban wat. A Birtaniya ma sai a ƙarshen 2006 aka halatta amfani da ita. Ƙari a kan haka, ita tana cikin mota, eriya kuwa tana waje, a kan rufi ko a gefe ko a cikin gilashin baya, kuma ƙarfen jikin mota yana tare wani kaso na abin da take watsawa.

Daga nan kokenka biyu na farko suka samo asali. Shuu alama ce ta sigina mai rauni, kuma sitiriyo ya fi jin jiki da raunin sigina fiye da mono. Shigowar tasha kuwa ɗabi'ar FM ce: in sigina biyu suka haɗu a mita ɗaya, rediyo yana riƙe mai ƙarfin ya watsar da ɗayan kusan gaba ɗaya. Shi ya sa a kan hanya, nesa da gari, kake jin dama-dama, da ka kusanci inda tashoshi suka yi yawa sai a ƙwace maka. Ko da komai ya tafi daidai, FM yana yanke duk sautin da ya haura kilohaz 15, don haka ƙarshen kaifin kiɗa ba zai taɓa zuwa ba.

Duk da haka ana iya rage matsalar, kuma tunda ka riga ka saya, gwada wannan kafin ka ajiye ta. Kashe taransimitar, ka bi mitocin rediyo da hannu ɗaya bayan ɗaya, kada ka bar shi ya nemo da kansa. Abin da kake nema wuri ne da babu komai sai shuu zalla, kuma maƙwabtansa na sama da na ƙasa su ma babu tasha. Sau da yawa ana dacewa a bakin zangon, kusa da 87.5 ko kusa da 108. Ka samo irin wannan wuri biyu ko uku ka adana su a maɓallan rediyo, domin wanda ya yi maka a wannan gari ba lallai ya yi a na gaba ba. In eriyarka irin mai zuƙewa ce da hannu, rage tsawonta, tashoshin nesa za su yi rauni ita kuwa taransimita ta samu sarari. In rediyon yana da maɓallin MONO, danna shi, shuu zai ragu sosai, kuma ga mai sauraron karatu ko jawabi babu asarar komai.

Akwai wani abu da ke rikita mutane. Rediyon da aka yi wa kasuwar Amurka yana tsayawa ne a kan mitoci masu ƙarewa da mara, kamar 88.1 da 88.3, ba ya hawa 88.2. In ka saita taransimita a inda ba ya hawa, har abada ba za su daidaita ba. Tsofaffin rediyon da aka yi wa kasuwar cikin gida ta Japan kuwa daga 76 zuwa 90 suke kamawa, saboda haka ɗan tsakanin 87.5 da 90 ne kawai za su haɗu da taransimita. Duba naka ka ga daga ina ya fara, a ina ya tsaya.

Kaset ɗin da ba shi da zare

Ƙofa ta farko da na ce tana gabanka ita ce bakin kaset. Akwai adafta mai siffar kaset sak, da siririn kebul a jikinta mai filogi irin na iyafis, mai kaurin milimita 3.5. Ba sabon abu ba ne. Wani injiniya Ba'amurke, Larry Schotz, ya yi mata rajistar ƙirƙira a 1988, a lokacin don masu son jin ƙaramar na'urar CD a motar da ke da kaset kawai. Ni a wurina tana cikin dabarun da suka fi burge ni a wannan sana'a, saboda sauƙinta. A cikinta babu zaren kaset. A daidai wurin da zare zai gogi hed ɗin rediyo, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sautin da ke kan zare, an sa wani hed ɗin da ke fuskantarsa. Sautin na'urarka yana shiga wannan hed ya zama maganaɗisu mai sauyawa, hed ɗin rediyo ya karanta kamar zare ne ke wucewa. Ba batir, ba iska, ba tashar da za ta shigo. Kuma da yake babu zaren da ke tafiya, babu jan murya da rawar sauti irin na kaset ɗin da ya tsufa. In injin kaset ɗinka lafiya yake, sautin zai fi na taransimita, kuma kai da kanka za ka ji bambancin tun daga waƙar farko.

Sai dai tana da halayenta, kuma yawancin waɗanda suka ce ba ta aiki, ɗaya daga cikin abubuwan nan ne ya same su. Na farko, rediyo yana lura da ƙafafun kaset: in suka daina juyawa, yana ɗauka zare ya ƙare, sai ya juya gefe ko ya tofo kaset ɗin. Don haka aka sa wa adaftar 'yan giyoyi da wata ƙaramar taya ta roba da ke sa ƙafafun su yi ta juyawa. Ranar da robar ta yi santsi ko ta kwashi ƙura, za ka ji rediyo yana ƙwas-ƙwas, yana juya gefe ba ƙaƙƙautawa. Kwance 'yan sukurorin adaftar, ka goge robar da auduga da sifirit, ka mayar. Sau da yawa shi ke nan. Wata adaftar kuma tana da wani ɗan giya da ke kulle ta in an juya ta baibai, kuma cire shi yakan kawo ƙarshen rigimar. Ka ɗauki hoton cikin kafin ka taɓa komai, don ka san inda kowane giya yake zaune.

Na biyu, gefe ɗaya ne take bayar da sauti mai kyau. In ka ji sautin ya dushe ko ya yi ƙasa ƙwarai, danna maɓallin juya gefe. Na uku, kashe Dolby. An yi shi ne don rage shuu a kaset ɗin da aka ɗauka da shi, in ka kunna shi a kan sautin da ba a ɗauka da shi ba, kaifin kawai zai cinye. Maɓallin METAL ko CrO2 shi ma yana rage kaifi, gwada shi a kunne da a kashe ka zaɓi wanda ya fi maka. Na huɗu, wanda aka fi mantawa, hed ɗin rediyon kansa. Mota mai shekaru sama da ashirin, hed ɗinta ya sha dattin zare. An taɓa kawo mini mota, mai ita ya sayi adafta har uku yana cewa duk jabu ne. Da na haska fitila cikin bakin kaset, hed ɗin ya yi ja kamar tsatsa. Tsinken auduga da sifirit ne suka yi aikin, kuma adaftarsa ta farko ce ya ci gaba da amfani da ita.

Inda wannan hanya ke tsayawa shi ne in bel ɗin roba na cikin injin kaset ya saki ko ya narke, abin da ke faruwa da tsufa ko da ba a amfani da shi. Gwajin mai sauƙi ne: samo kowane tsohon kaset ka saka. In ya ja shi ya yi magana, ko da sautin ba kyau, adafta za ta yi aiki. In ya tofo shi ko ya yi shiru, sai an canza bel, kuma mai gyaran rediyo yana iya yi. Aibinta da ba ya gyaruwa shi ne ɗan ƙaran giyoyi da za ka riƙa ji in mota tana tsaye kuma murya tana ƙasa, da kebul ɗin da ke reto a gaban rediyo. Kebul ɗin ne kuma yake fara mutuwa, daidai inda ya fito daga jikin kaset, don haka kada ka riƙa fizgarsa.

Maɓallin CD da ba ya yin komai

Wannan maɓalli shi ya fi jan hankalina a cikin tambayarka, domin shi ne alamar ƙofa ta biyu. A motocin wancan zamani ana sayar da wata na'ura daban mai ɗaukar faifai shida ko goma ko sha biyu, a ajiye ta a but ko ƙarƙashin kujera, rediyo ya riƙa sarrafa ta daga gaba. Wanda ya fara sayen motarka bai sa ta ba, ko an cire, amma soket ɗinta yana nan a bayan rediyo. In ka danna CD, rediyo yana tambaya ta wannan soket ko akwai na'ura. Da bai ji amsa ba, sai ya yi kamar ba ka danna ba.

A cikin wannan soket akwai layukan sauti na hagu da na dama da ke tafiya kai tsaye zuwa amfilifaya. Babu hanyar da ta fi wannan gajarta. Abin da ake buƙata ɗan akwati ne da zai amsa wa rediyo cewa shi ne mai faifan, sannan ya zuba sautinka a layukan. Ana samun masu ramin AUX kawai, da masu USB da katin memori, da masu Bluetooth. Ana ɓoye akwatin a bayan dashbod, kebul ɗaya ne zai leƙo, fuskar motar tana nan yadda take. Da masu USB da Bluetooth, galibi maɓallan gaba da baya na rediyo, har da na kan sitiyari in akwai, za su riƙa canza maka waƙa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hannun direba bai kamata ya riƙa lalube a kan waya ba.

A nan ne kuma ake yawan asarar kuɗi, saboda soket ɗin ba iri ɗaya ba ne. Kowane kamfani da nasa fasali da nasa yaren, kuma ko a mota iri ɗaya yakan bambanta daga shekara zuwa shekara. Ko rediyon kasuwa haka suke: Pioneer suna da IP-Bus, Alpine suna da Ai-NET, Sony suna da UniLink, kuma babu mai shiga na wani. Ni ba na sayen adafta da sunan mota kawai. Sai na zaro rediyon, na karanta lambar da ke kan takardar jikinsa, na ƙirga ƙafafun soket ɗin, na ɗauki hoto. Kai ma haka za ka yi, domin daga nesa ba wanda zai iya rantse maka cewa ga wadda za ta shiga, sai an ga bayan rediyon. Wasu motocin alfarma na farkon shekarun 2000 ma da zaren haske suke haɗa na'urorin sautinsu, kuma adaftarsu daban ce, ta fi tsada.

In ka ɗauki mai USB, kula da abu biyu. Yawancinsu tsarin FAT32 kawai suke karantawa, alhali katin da ya wuce gigabait 32 da tsarin exFAT yake zuwa. Mutum zai saka sabon kati cike da waƙoƙi, na'ura ta ce babu komai. Sai an sake tsara katin a kwamfuta, ko a nemi ƙarami. Sannan da yake rediyo yana ganin faifai ne, wasu adaftocin suna so ka raba waƙoƙin a folda-folda masu suna CD1, CD2 har zuwa shida, kowace kada ta wuce waƙa 99.

Ga wanda rediyonsa ba kaset, ba kuma wannan soket, akwai wata tsaka-tsakiyar hanya. Modileta ce ta FM mai kebul, ana dasa ta tsakanin eriya da rediyo. In ka kunna ta, tana yanke eriyar ta zuba siginarta kai tsaye a ramin eriya, don haka babu tashar da za ta shigo kuma shuu yana raguwa ƙwarai. Sautin FM ne dai har yanzu, amma tsayayye. Kai ba ka buƙatarta.

Kukan da ke bin totur

Wannan kukan altaneta ne. Altaneta tana samar da wuta mai kai da komowa, diyod ɗin cikinta su miƙar da ita ta koma irin ta batir, amma miƙewar ba ta cika ɗari bisa ɗari, akwai ɗan kaɗawa da ke saura. Gwargwadon gudun inji, gwargwadon saurin kaɗawar, shi ya sa muryar kukan ke hawa in ka taka totur ta sauka in ka ɗaga ƙafa. Taransimitarka daga ramin sigari take shan wuta, kuma masu araha ba su da matacin kirki, sai kaɗawar ta bi sauti ta fito.

Ina so ka san wannan da kyau domin kukan zai iya bin ka ko bayan ka koma AUX. Yana faruwa ne in kana cajin waya daga ramin sigari kuma a lokaci guda kebul ɗin sauti yana haɗe da rediyo. Negetib ɗin wayar ya samu hanya biyu zuwa ƙarfen jikin mota, ɗaya ta caja, ɗaya ta rediyo, kuma ɗan bambancin da ke tsakaninsu shi ke gudana a cikin kebul ɗin sauti. Zare cajar ka saurara. In kukan ya ɗauke, ka kama ɓarawon. Maganinsa ko ka canza caja mai kyau, ko ka sa wata 'yar na'ura a tsakiyar kebul ɗin sauti, a kwalinta za ka ga an rubuta ground loop isolator. Ƙananan taransifoma biyu ne a ciki, suna barin sauti ya wuce su raba negetib ɗin. Marasa kyau suna ɗan rage bes. Adaftar kaset ta tsira daga wannan tun asali, tunda maganaɗisu ne kawai tsakaninta da rediyo, babu haɗin wuta kai tsaye, ko da yake caja mara kyau tana iya zuba tata ƙazantar ta cikin wayar da kake caji.

In kuwa kana jin kukan ko a tashar rediyo ta yau da kullum, ba tare da ka haɗa komai ba, to matsalar ta motar ce. A duba kan batir ko ya yi gari, a duba wayar negetib ta rediyo da wadda ta haɗa inji da bodi, a auna altaneta. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 in inji yana kashe, ya hau kusan 14 in yana aiki. Diyod ɗaya in ya mutu kukan yana ƙaruwa sosai, kuma wannan gargaɗi ne da ya wuce maganar kiɗa. Ƙaran da ke yin tas-tas-tas kuwa daga fulogogin inji ne ko wayoyinsu.

Game da na'urarka da wayarka

Ko wace hanya ka bi, yadda ka saita murya yana da tasiri. Kada ka ƙure muryar na'ura, kada kuma ka bar ta ƙasa ka ƙure ta rediyo. Ta farko tana fasa sauti, ta biyu tana ɗago shuu. Ni nakan ajiye na'ura a wajen kashi uku cikin huɗu, in kashe duk wani ƙarin bes da ke cikinta, sannan in riƙa sarrafa murya daga rediyo. In ka ji harafin "s" yana tsatsa ko ganga tana fashewa, sauko da muryar na'ura kaɗan.

'Yar MP3 ɗinka tana da ramin iyafis, ba ta da matsala. Waya ce za ka duba, domin tun da iPhone 7 ta fito a 2016 babu wannan rami, kamfanoni da yawa suka bi sahu. In taka haka take, za ka buƙaci ɗan guntun kebul daga ramin caji zuwa na milimita 3.5, kuma ka nemi mai ɗauke da nasa guntun sarrafa sauti a ciki, don wasu wayoyin ba sa aiki da wanda babu. Ko kuma ka sayi ƙaramin mai karɓar Bluetooth ka soka masa kebul ɗin adaftar kaset, wayarka ta zauna a aljihu. Akwai ma adaftar kaset mai Bluetooth a cikinta, ba kebul ko ɗaya, sai dai tana da batir da za ka riƙa caji. Wani abin lura ga masu motocin da suka ɗan fi taka sabunta: ba kowane Bluetooth ne ke ɗaukar kiɗa ba. Na kira daban, sunansa HFP, na kiɗa kuma A2DP, kuma motoci da yawa na farko na kiran kawai suke da shi.

Ka kuma tuna cewa a wasu motoci ramin sigari ba ya mutuwa in an zare makulli. Duk abin da ka bari a soke yana shan batir har gari ya waye. Zare makulli ka ga ko fitilar na'urar ta mutu.

In ka yanke shawarar canza rediyon

Ba na hana kowa, kuma wani lokaci shi ne daidai: in bel ya mutu, soket ɗin baya babu, fuskar rediyon ma ta dushe. Ramin rediyo yana da ma'auni da aka sani da DIN, faɗi milimita 180, tsayi 50, mai ninki biyu kuma tsayi 100. In na motarka haka yake, sabo zai zauna ba tare da an yanka komai ba. In ba haka ba ne, ana sayar da firam da aka yi wa kowace mota. Roƙona ɗaya, kada ka bari a datse wayoyin motar. Akwai soket na haɗi da ke shiga na asali, kuma da shi za ka iya mayar da tsohon rediyo duk ranar da ka so. A sabon rediyo, rawayar waya ta wuta ce ta dindindin mai riƙe memori, ja ta makulli ce, baƙa negetib. A wasu motocin Turai gurbin rawaya da ja a juye yake, kuma alamar ita ce rediyo ya riƙa manta tashoshi duk sanda aka kashe mota. Musanya su kawai ake yi. Mota mai amfilifayar asali daban, ko mai maɓallan sitiyari, tana buƙatar ƙarin adafta.

Amma kai da ka ce ba ka son taɓa fuskar motar, da ni ne, yau zan saka tsohon kaset in gwada injin, in goge hed, in fara da adaftar kaset. In ta gamsar da kai, ka huta. In kana son abin da ya fi, sai a zaro rediyo a duba soket ɗin baya. Kafin a zare shi, ko a cire kan batir, tabbatar kana da lambar sirrinsa. Rediyon asali da yawa na wancan zamani suna kulle kansu da zarar wuta ta yanke, su rubuta CODE ko SAFE, kuma in aka yi ta shigar da lambar da ba daidai ba suna ƙara kullewa. Lambar takan kasance a wani ɗan kati cikin littafin motar, in babu, dillalin kamfanin yana iya ciro ta da lambar jikin rediyo.

Akwai kuma abin da babu adaftar da za ta gyara. Waƙar da aka matse ta ƙasa da kilobit 128 a daƙiƙa za ta fito a dushe ko ta wace ƙofa ta bi, ni daga 192 zuwa sama nake ajiye nawa, kuma a cikin mota mai tafiya wannan ya wadatar. Sannan sifikokin motarka sun haura shekara ashirin suna shan zafi da danshi a cikin ƙofa, kuma robar da ke kewaye da bakinsu takan ruɓe. Kama tasha mai ƙarfi, ka juya maɓallin BAL mai karkata sauti hagu ko dama da na FAD mai karkata shi gaba ko baya, ka saurari kowace sifika ita kaɗai. Wadda ka ji tana kakkarwa kamar takarda in bes ya buga, ta yage, a canza ta tare da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen.